Yadda Ake Koya wa Ɗa Tunanin Masu Kuɗi da Duwatsun Layin Sukari

Kai uban yara, matso kusa. Idan kana da ɗa wanda gashin baki ya fara tsiro masa, yana ci kamar injin niƙa, kuma ba shi da zance sai na jirgin ruwa da Jamus, to kai nake nema. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na ba ka tabbacin ɗanka zai tashi da tunanin masu kuɗi dam a kansa. Kuɗin kansu ba sa cikin alkawarin, amma tunanin babu fashi. Ba ka bukatar jari, ba ka bukatar boko. Ɗa kake bukata, da murya, da duwatsu, kuma unguwarmu ta Nima ba ta taɓa rasa ko ɗaya ba.

An gwada hanyar nan. Baba Sumaila na bayan babbar kwata ne ya gwada ta a kan ɗansa Jalilu a shekarar yunwa, shekarar da aka koro mutanenmu daga Agege suka dawo da katifu a ka. Sawunsa za mu bi.

Mataki na ɗaya: Ka tanadi amsar tambayar rashin kunya

Kafin ka gama buɗe baki, yaron zai dube ka daga hula zuwa silifa, ya ɗaga kai ya dubi rufin da ke yoyo, sannan ya tambaye ka abin da bai kamata ɗa ya tambayi ubansa ba. Kada ka mare shi. Mari yana nuna ba ka da amsa.

Baba Sumaila yana da tasa a aljihu. Ya daɗe yana gadi a gidan wani attajirin katako, can unguwar manya ta wajen filin jirgi, har ranar da attajirin ya tsallaka Lome bai yi sallama da kowa ba.

"Ni ke buɗe wa kuɗi ƙofa, ni ke rufe musu," in ji shi. "Na san yadda suke tari. Na san yadda suke kiran direba ko juyowa ba sa yi. Tsakanina da mutumin nan katanga ce kawai."

Jalilu ya ce, "Baba, ai katangar ce duk maganar."

"Ka ji ko? Tunanin talaka ke nan. Shi za mu fara cirewa."

Ka lura da wannan sosai. Duk tambayar da ta fi ƙarfinka, kira ta tunanin talaka. Kalmar nan kamar man zafi take, babu ciwon da ba a shafa ta.

Mataki na biyu: Ka jira matsala ta shigo gida

Darasi ba ya kama yaro sai akwai abin da gida zai rasa. In babu, jira. A Nima ba za ka daɗe kana jira ba.

Tebur ɗaya ne ke riƙe da gidan Baba Sumaila: teburin koko da ƙosai na matarsa, Mma Memuna, a bakin hanya. Daga tukunyar nan ake ci, daga ita ake lallashin mai gidan haya, daga ita ake sayen goron da Baba ke taunawa yana nazarin arziki. To a shekarar nan sukari ya ɓace a gari kamar an yi masa asiri. Gwangwanin Mma ya kai ƙasa har cokali na kuka a ciki. Masu saye suka fara tsallaka kwata zuwa teburin Awabu, wadda ƙaninta ya dawo daga Agege da sukari ɗinke a cikin katifa.

Wata safiya Mma Memuna ta ajiye ludayi ta tsaya a kan mijinta.

"Malam, saurare ni da kunne biyu. An ce motar sukari za ta zo kantin Jamiu. In ta zo ta tafi ban samu ba, wallahi na kife tukunyar nan. Ba zan tsaya mutanen da na shayar tun suna 'yan makaranta suna wuce ni suna ɗago mini hannu ba. Sai ku dafa tunani ku ci, kai da ɗanka."

Wani mijin zai tsorata. Baba Sumaila murmushi ya yi, don ga allo Allah ya kawo masa har ɗaki.

"Bar mana wannan, Memuna. Ke dai riƙe tukunyarki. Sukari aikinmu ne."

Kai ma ka riƙe wannan a ranka har ƙarshe: ko sukari ya shigo, ko tukunya ta kife.

Mataki na uku: Ka koya masa cewa mai kuɗi ba ya tsayuwa

Ga waɗanda aka haifa bayan wahala, bari a yi bayani. A lokacin babu wanda ya san ranar zuwan mota. Ana iya cewa gobe, goben ta yi mako. Mutum kuwa ba zai bar sallah da neman abinci ya kafe a ƙofar kanti ba. Sai jama'a suka yi wa kansu doka: ka ajiye dutse a layi, ko gwangwani, ko tsohon takalmi, shi ne kai har ka dawo. Wanda ya taɓa dutsen wani ya taɓa mutuncinsa. An fasa kai a kan haka, an kuma ce daidai ne.

Baba Sumaila ya kai Jalilu ƙofar kantin Jamiu, ya nuna masa layin da ke ta miƙewa, babu mutum ko ɗaya a cikinsa.

"Me ka gani?"

"Duwatsu."

"Ni ma'aikata na gani. Ba sa ci, ba sa sha, ba sa zuwa bayan gida, ba sa neman ƙarin albashi. Maigidana na da, ka taɓa ganin ya tsaya a rana? Wani abu ke tsaya masa, shi yana ciki yana shan iska. Talaka yana aiki da ƙafarsa. Mai kuɗi yana aiki da ƙafar da ba tasa ba."

"Dutse ba shi da ƙafa, Baba."

Ka riga ka san amsar da ake bayarwa a nan. Koma mataki na ɗaya.

Mataki na huɗu: Ka hana shi ƙaramin buri

Jalilu ya ɗauko dutse ɗaya daga gefen kwata, ya ajiye, ya kakkaɓe hannu zai tafi ƙwallo. A nan ne uba na gari ke riƙe wuyan riga.

"Ɗaya? Kowace tsohuwa a unguwar nan tana da ɗaya. Kana so ka mutu daidai da kowa?"

Suka ari baro wajen wani birkila. Da asuba, kafin jama'a su fito daga masallaci, Jalilu ya yi ta jido duwatsu, Baba yana cusa su a layi, wasu gaba, wasu tsakiya, har suka fi yatsun hannu da na ƙafa. Ya sa aka ɗiga wa kowanne shuɗin bula don kada dukiya ta cakuɗa da ta talakawa.

Amma dutse marar suna maraya ne, kowa na iya shure shi. Don haka ka koya wa yaro ya ba kowanne suna da uzuri. Baba ya bi su ɗaya ɗaya yana gabatarwa.

"Wannan Inna ce ta Kotobabi, ƙafa ke damunta. Wannan Kawu ne na Alajo, ya zagaya alwala. Wannan ɗansa ne, ya bi shi da buta. Wannan surukina ne, kurma ne, in ka yi masa magana bai amsa ba kada ka ji haushi."

Da rana ta fito sai ga Awabu mai koko ta zo duba nata dutsen, ta tarar an tura shi baya kamar an kore shi daga gari. Ta kama ƙugu.

"Ei, Baba Sumaila! Duk danginka sun tafi alwala lokaci guda? Da wane ruwan? Famfon unguwar nan rabonsa da ɗigo tun kafin azumi!"

Baba ko gezau. Ya gyara hula ya ce, "Taimama suke yi, 'yata. Mutanen addini ne."

Jalilu ya sunkuyar da kai don kada a ga yana dariya. Wannan ne karon farko da ya ji uban nan nasa zai iya zama wani abu.

Mataki na biyar: Kai ka yi kama da arziki, shi ya yi haƙuri

Rabon aiki yana da muhimmanci. Haƙuri na yaro ne, kwarjini na uba.

Baba Sumaila ya fito da babbar rigarsa ɗaya tilo, wadda ta ga Idi da yawa, ya ɗauko kujera ya zauna ƙarƙashin bishiyar da ke fuskantar kanti, da tsohuwar jarida a hannu. Ba karantawa yake ba, amma ya ga yadda ake riƙewa. Jalilu kuwa yana rana. Ya kori awaki, ya kori yaran da ke son duwatsun don yin ragar ƙwallo, ya kori wata mata da ta hango murhu a jikin Kawu na Alajo. Abokansa suna wucewa suna ihu, "Cale, abokinmu, makiyayin duwatsu! Yaushe za su haihu?"

Kwanaki suka ja. Sukarin Mma ya ƙare ƙaf. Ta koma wanke gwangwanin tana zuba ruwan a tukunya don a ji ƙamshi. Duk safiya wani sabon mai saye zai tsaya a gabanta, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi lafiyar yara, sannan ya tsallaka kwata.

Wata rana Jalilu ya zo inuwa ya tsuguna.

"Baba, akwai abin da ke cin raina. In mota ta zo, wa zai tsaya a kan duwatsun nan?"

Gaskiya tambayar ta daki Baba a ƙirji, don bai taɓa kawo ta a ransa ba. Amma ya juya jarida a hankali.

"Mai kuɗi ba ya damuwa da ƙananan abubuwa kafin lokacinsu."

Ka haddace wannan amsar. Tana sayen lokaci, kuma kyauta ake samunta.

Mataki na shida: In dama ta zo, kada ka yarda da kaɗan

Da hantsi motar ta zo, ranar da Mma Memuna ta ɗauki gero ta tafi injin niƙa a Maamobi. Kafin direba ya kashe mota, unguwa ta fashe. Mata da goyo, maza da rabin alwala, kowa na gudu yana neman dutsensa. Jamiu mai kanti, ɗan gajere mai muryar mutum biyu, ya hau benci.

"Wan man, wan faket! Mutum ɗaya, kwali ɗaya! Dutse ba ya shan shayi! Duk dutsen da bai zama mutum ba kafin in buɗe tagar nan, da ƙafata zan aika shi kwata!"

Jalilu ya kamo hannun rigar ubansa.

"Baba, ni in hau na gaba, kai ka hau na bayansa. Kwali biyu ya isa Mma ta tashi."

Baba Sumaila ya ji maganar, ya kuma san gaskiya ce. Har ƙafarsa ta ɗaga. Sai idonsa ya faɗa kan shuɗin bula yana ƙyalli a layi, nan da can, har kwana. Kowane ɗigo kwali ne. Ya hango ɗakinsu cike har rufi. Ya hango Awabu tana sallama a ƙofarsa da ƙaramar murya. Ya hango Memuna tana kawo masa ruwan wanka ba sai ya tambaya ba. Ƙafar ta koma ƙasa.

"Kwali biyu? Duk kiwon da muka yi don kwali biyu? Kai manaja ne, manaja ba ya layi. Ruga gida, kwaso mini mutane. Duk mai numfashi!"

Mataki na bakwai: Ka koya masa cewa babban mutum ba ya faɗin sharaɗi

Yaron ya yi taku kaɗan ya juyo.

"In ce musu rabi nasu, rabi namu?"

"Kul! So kake a ce Sumaila yana ciniki da maƙwabtansa a kan ƙwayar sukari? Ce musu kawai Baba ya kama muku wuri. Masu hankali ne, za su gane sauran."

Haka manya ke yi. Ba sa cewa a ba su. Tari kawai suke yi, a kawo.

Jalilu ya yi gudun da bai taɓa yi wa ƙwallo ba. Ya dawo da matan gidan haya, da mai gyaran rediyo, da wanzami tare da mutumin da yake wa aski, rabin kai fes rabi daji. Ya goyo tsohon ladanin masallacinsu, wanda gwiwa ta hana shi layi tun farkon wahalar. Kowa ya zo da ɗan abin sayensa ƙulle a bakin zani ko cikin hula. Baba yana tsaye da babbar riga yana nuni da jarida: ke hau Inna, kai hau Kawu, kai wanzami hau surukina. Ya ba ladan dutsen gaba, saboda girma.

Jamiu ya buɗe taga. Ladan ya karɓi kwalinsa, ya juya shi, ya shinshina, idonsa ya kawo ruwa. Baba Sumaila ya matso kusa ya yi tari. Tarin manya, daga ƙirji.

Ladan ya dube shi, ya cusa kwalin a aljihu, ya ɗaga hannu biyu sama, ya saki muryar da ke tayar da unguwa da asuba.

"Jama'a, ku shaida! A shekarar da ɗan'uwa ke ɓoye wa ɗan'uwansa ashana, bawan Allahn nan ya kwana ya tashi yana kama wa marasa ƙarfi wuri, fisabilillahi, bai nemi ko ƙwaya ɗaya ba! Allah Ya gina masa gida a Aljanna! Fatiha!"

Layi gaba ɗaya ya ɗaga hannu. Baba Sumaila ya duba, sai ya ga nasa hannuwan ma sun tashi da kansu, ba su yi shawara da shi ba.

"Baba, yi magana," in ji Jalilu a kunnensa.

"Ana addu'a."

"Baba, tafiya suke yi da shi!"

"Ka ce amin, don ubanka."

Aka shafa. To ka san abin da aka shafa wa Fatiha a bainar jama'a ya zama na Allah, babu mai bin sawunsa da kwano. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa fitowa, kowa ya rungume kwalinsa, ya durƙusa, ya sa albarka, ya wuce. Wanzami ya yi alkawarin aski kyauta. Baba ya yi ta tari har ya zama na gaske.

Jalilu ya saki ubansa ya ruga ƙarshen layi. Yana can yana hango tagar daga nesa, Jamiu ya leƙo ya ce, "Finish!" ya ja ƙyaure.

Mataki na takwas: Kada ka taɓa amsa cewa an yi asara

Wannan ne mataki mafi wuya, don a gida ake yin sa.

Mma Memuna ta ji labari tun kafin ta sauke ƙullu daga ka. Tun daga bakin titi mata ke tare ta suna cewa ta yi dacen miji. Ta shigo, ta dubi uban, ta dubi ɗan, ta dubi hannuwansu.

"Ina nawa?"

Baba ya fara bayani a kan suna mai kyau da yadda yake daɗewa. Ta ɗaga masa hannu.

"Geron nan na riga na niƙa, ba zan zubar ba. Gobe zan dama na ƙarshe. In ya ƙare, ka zo ka taya ni kife tukunyar, tunda ka iya taimakon jama'a."

Ta juya ta shige ɗaki. Baba Sumaila ya zauna a bakin ƙofa, goro ya ƙi taunuwa. A ransa ya san ƙafar nan da ya mayar ƙasa ita ta kashe teburin. Amma ko da wasa bai bari yaron ya gani a fuskarsa ba. Kai ma kada ka bari.

Da safe ta kafa tebur, ta buɗe tukunya, ta faɗa da ƙarfi don kada wani ya ce an cuce shi: "Koko babu sukari! Mai so ya zo, marar so ga hanya!"

Sai ga ladan yana dogara sanda, da kwanonsa.

"Zuba, Memuna. Nawa yana aljihuna."

Ya ciro ƙwaya ya jefa, ya motsa, ya kurɓa, ya yi hamdala. Bayansa wanzami, da nasa a ƙulle cikin takarda. Bayansa mai gyaran rediyo. Matan gidan haya suka aiko yara da kwanuka, kowane yaro da ƙwayarsa a dunƙule cikin tafi. Wa zai ci alherin mutum jiya, yau ya tsallaka kwata a gaban matarsa? Ga shi kuma kokon Mma dama ya fi na Awabu yaji da citta, sukari ne kawai ya raba su. Kafin rana ta yi zafi ana kankare gindin tukunya, Awabu tana can tsallake tana korar ƙuda. Mma Memuna ta leƙa tukunyar, sannan ta ce wa Jalilu in ya gama ya je ya auno mata geron gobe.

Baba Sumaila, wanda tun asuba yake raɓe a bayan tebur kamar mai jiran hukunci, ya miƙe ya baza riga, ya zunguri ɗansa.

"Ka gani? Talaka yana sayen sukari ya ba masu saye. Mai kuɗi yana sa masu saye su zo da sukarinsu. Tun farko nan na dosa."

Mma ta miƙo musu ɗan abin da ta rage, kwano biyu.

"Malam, ina naka sukarin?"

Ya lalubi aljihun dama, ya lalubi na hagu. Ya dubi jama'ar da ke kan benci, kowa na lasar baki. Babu wanda ya yi masa tayi. Wanzami ma cewa ya yi, "Wanda ya raba wa unguwa guda? Ai shi buhu ne a ƙarƙashin gadonsa."

Baba ya ɗaga kwanon ya kurɓa. Tsami da yaji suka haɗu suka murɗe masa fuska, ya yi maza ya warware ta.

"Manyan masu kuɗi duk sun daina shan sukari," in ji shi. "Likita ya hana su."

Jalilu ya kurɓi nasa, ya runtse ido, ya haɗiye da ƙyar.

"Baba," ya ce, "ashe mun yi arziki sosai."

Gargaɗi

Wanda ya tsara matakan nan ba shi da hannu a duk abin da zai biyo baya. In an fasa maka kai, kai ka kai kanka. In an shafa wa dukiyarka Fatiha, je ka karɓa a Lahira. In matarka ba ta kai Mma Memuna haƙuri ba, kada ka zo ƙofarmu da kayanka, mu ma ɗaki ɗaya gare mu. In kuwa ɗan naka ya zo ya yi arziki na gaske, ka tabbata ba a nan ya koya ba. Kada ka kawo mana godiya, je ka tambayi uwarsa.